Sharhi: Kogon da Jemagu Ke Haihuwa

Kusa da birnin San Antonio a jihar Texas ta Amurka akwai wani kogo mai suna Bracken. Duk shekara idan sanyi ya wuce, jemagu mata fiye da miliyan 15 kan taso daga Meziko su cika shi maƙil, yawancinsu da ciki. A watan Yuni kowace ta haifi ɗa guda tal. Mazan kuwa galibi suna can wasu wurare.

Abin da ya raba musu makwanci shi ne lissafin abinci. A jinsunan jemagu da dama, namiji idan ya dawo kiwo yakan bar jikinsa ya huce, bugun zuciyarsa ya ragu, ya wuni bai ƙona abin kirki ba. Mai ciki ba ta da wannan gata. In jikinta ya huce, girman tayin ya ja baya, in kuma goyo take yi, nono ya ragu. Sai matan suka haɗa ɗumin jikinsu wuri ɗaya. 'Ya'yan, da ake haifa ba gashi, sukan cure a rufin kogon, dubbai a murabba'in mita guda, kamar 'yan tsaki da hunturu. Kuzarin da ba su kashe wajen ɗumama jiki ba ya tafi ga girma.

Uwar ce ke shan wuya. Jaririn kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ranar haihuwa, kuma lokacin shayarwa takan ci ƙwarin da suka kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin jikinta a dare guda. An daɗe ana zaton duk wanda ta tarar take ba nono. A 1984 wani mai bincike, Gary McCracken, ya nuna cewa mafi yawansu nasu suke shayarwa. Suna gane su ne ta kuka da ƙanshi cikin wannan cunkoso. Nonon da aka sha wannan wahala a kansa ba na rabawa ba ne.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji an banka wa jemagu hayaƙi a rufin makaranta ko an toshe ƙofar kogo a lokacin goyo. Iyayen su tsere, 'ya'yan da ba su iya tashi ba su mutu da yunwa, haihuwar shekara guda ta salwanta ke nan. Mai son raba rufinsa da jemagu ya yi haƙuri na 'yan makonni, 'ya'yan su yi fiffike, sannan da dare, bayan sun fita kiwo, ya toshe kafar da suke shiga.