Briqueterie: Sunan da liman ya raɗa da sunan da hukuma ta sani

A unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde, ba wuya ka tarar da mutum ɗaya mai suna uku a takardunsa. Takardar haihuwarsa ta ce Ousmanou, takardar makaranta ta ce Ousmane, wata shaida da ya samo lokacin da yake fatauci a Kano kuma ta ce Usman. A masallaci da kasuwa babu mai shakkar ko shi wane ne. Amma a gaban kwamfutar hukuma, waɗannan mutane uku ne daban.

Matsalar ta daɗe, sai dai ta ƙara fitowa fili tun daga watan Fabrairun 2025, lokacin da hukumar 'yan sandan Kamaru ta DGSN ta fara ba da sabon katin ɗan ƙasa. Yanzu ana fara rajista ta intanet, a biya CFA dubu 10, tare da alkawarin samun kati cikin sa'o'i 48. Wannan saurin na wanda takardunsa suka yi daidai ne. Wanda sunansa ya saɓa tsakanin tsohon kati da takardar haihuwa, yana iya komawa gida hannu rabbana. Babu kati kuwa, babu fasfo na zuwa Hajji, babu asusun banki, ga tashin hankali a kowane shingen jami'an tsaro a hanyar Ngaoundéré.

Asalin ruɗanin shi ne yadda muke raɗa suna ya bambanta da yadda fom ɗin Faransanci yake tambaya. Fom yana neman "nom" da "prénoms", wato sunan iyali da sunan mutum. Bahaushe kuwa sunan yanka yake da shi, sai na mahaifi. Ga laƙabi irin su Ɗanladi, Tanko da Talatu, ga sunan sakaye da ake kiran yaron da ya ci sunan kakansa, ga Alhaji da ke manne wa mutum bayan ya sauke farali. Idan magatakarda bai san Hausa ba, abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Haka A'isha take komawa Aïssatou a wata takarda, Aïcha a wata.

Dokar Kamaru ta raba abu biyu da jama'a ke yawan haɗawa: gyaran kuskure da canjin suna. Idan harafi ya faɗi ko an juya suna a takardar haihuwa, gyara ake nema, kuma hanyar da aka saba bi a ƙarƙashin dokar rajistar jama'a ta 29 ga Yunin 1981 ita ce kotu ta yanke hukuncin gyara, a shigar da shi cikin littafin rajista. Canjin suna kuwa doka mai lamba 69/LF/3 ta 14 ga Yunin 1969 ce ke kula da shi. Ana miƙa buƙata ga ministan shari'a, a sanar da jama'a, a jira wa'adi na watanni domin mai ƙorafi ya fito, sannan gwamnati ta fitar da "décret" na amincewa. Dokar ta yarda da dalilai irin su sunan da ke jawo wa mai shi ba'a ko wulaƙanci, da sunan da ke hana mutum sajewa da mabiya addinin da ya karɓa. Wannan ya shafi wanda ya musulunta: sunan da aka ba shi a masallaci ba ya shiga takardunsa sai ya bi wannan hanya.

A nan ne masu zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu ke yin tuntuɓe. A Najeriya an saba a yi rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, a ɗauka magana ta ƙare. Wannan takardar rantsuwa ba ta canza ko harafi ɗaya a littafin rajistar Kamaru. Haka nan "certificat d'individualité" da mutane ke karɓa, shaida ce kawai cewa sunaye biyu na mutum ɗaya ne. Ba ta gyara takardar haihuwa. Ko a Najeriyar ma abin ba wasa ba ne. A ranar 13 ga Fabrairun 2020, ana gobe rantsarwa, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a matsayin gwamnan Bayelsa saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa. Idan kujerar gwamna ta suɓuce saboda suna, ina ga gadon gida ko shagon tela a Briqueterie?

Gaskiya hanyar doka tana da tsawo, tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa wasu ke zuwa wurin 'yan kamasho a yi musu sabuwar takardar haihuwa. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Takarda ta biyu ita ke jefa mutum cikin abin da hukuma ke kira "double identité", kuma hoton yatsa da aka ɗauka tun farko ba ya mantuwa. Dokar rajistar jama'a ta 23 ga Disamban 2024 ta nufi mayar da rajistar zuwa kwamfuta, don haka irin wannan kwana-kwana zai ƙara wuya.

A aji nakan ga inda abin ke fara ciwo. Yaro ya kai ajin CM2, za a cike masa takardun jarrabawar CEP, sai a ga sunan da ke rajistar makaranta ba shi ne na takardar haihuwa ba, ko ma babu takardar gaba ɗaya. Daga nan sai gudun neman "jugement supplétif" a ƙurarren lokaci.

Hukumar BUNEC da ofishin magajin garin Yawunde ta 2 suna da nasu aikin, musamman samar da ma'aikatan da suka san rubutun sunayenmu. Amma mafi sauƙin gyara yana hannunmu. Ranar suna, bayan an shafa fatiha, uba ya rubuta sunan jaririn harafi bayan harafi, ya kai shi ofishin rajista, ya karanta takardar da idonsa ko a karanta masa kafin ya fita. Limamai da masu unguwa su riƙa tunatarwa. Wannan rubutun shi za a bi a makaranta, a kati, a fasfo, ko da a gida ana kiran yaron Baba.