Inji Yana da Matatar Iska, Lebura Fa?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata kasuwa a duniyar nan wadda ba a jin hayaniyarta, ba a kuma kasa kayanta a tabarma, amma dukiyar da ke juyawa a cikinta ta fi ƙarfin lissafin talaka. Ita ce kasuwar na'urorin tace iska, waɗanda ake girkawa a masana'antu da bankuna da manyan otal-otal da ɗakunan tiyata domin a raba iska da ƙura. Manyan kamfanonin Amurka da Turai da Sin ne ke riƙe da ragamarta. Mu dai abin da ya sa muka ɗauki alƙalami tambaya ce guda: a ƙasa irin tamu da ƙura ta yi wa katutu, huhun wa ake tace wa iska?

Bari mu nemi amsa a gabashin Jihar Sakkwato, inda aka yanke wa da yawa daga cikinmu cibi. An kammala Madatsar Ruwa ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984, ba a ƙaddamar da ita ba sai a 1992, kuma an gina ta ne ta riƙe ruwan da ya kai mita kubik miliyan 942. Da wannan ruwa da na fadamu, manoman Goronyo da Wurno da maƙwabtansu na Rabah suke noman shinkafa da albasa da tafarnuwa rani da damina. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. A 2017 kamfanin Ɗangote ya ƙaddamar da nasa shirin na manoman shinkafa a nan Goronyo. A 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, shinkafar gida ta yi daraja, injinan casa suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Duk wanda ya hau mumbari sai ya ƙirga tan-tan da buhu-buhu, a tafa masa. To wa ya ƙirga ƙurar?

Wanda bai taɓa shiga rumfar injin casa ba, bai san abin da ake kira ƙura ba. Rumfa ce ta kwano, ƙofa ɗaya, injin dizal yana ruri a lungu, bel yana kaɗawa, ɓuntu da dusa suna tashi har mutum bai iya ganin fuskar na kusa da shi. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma ɓuntun shinkafa cike yake da sinadarin silika, wato dangin rairayi. Shi ya sa yake ƙaiƙayi a fata, yake kuma cinye ƙarfen injin. Manyan ɓarɓashi gashin hanci da majina suna tare su, a fyace a zubar. Masifar tana ga ƙananan da ido bai gani, waɗanda suka fi silin gashi sirantaka wajen sau 30, domin su suke zarcewa har can ƙuryar huhu su zauna. Yaron da ke juya shinkafa cikin mazurari daga hantsi zuwa magariba, abin da ya mallaka na kariya bai wuce tsumma ko bakin rawani ba. In ya fara tari a ce sanyi ne. In numfashi ya soma sarƙewa a ce fuka ce ta gado. In ya kasa, ga ƙanensa nan yana jiran gurbin.

To ku dubi injin da ke gefensa. A wuyan wannan inji akwai wani gwangwani, a cikinsa akwai matatar iska, kuma mai injin ba ya wasa da ita ko kaɗan. Yana kakkaɓe ta, yana hure ta, in ta mutu ya aika Sakkwato ko Kano a sayo sabuwa, domin kowane bakanike ya gaya masa cewa ƙura in ta shiga ciki za ta cinye ringi da fistin, injin ya kwanta. Haka abin yake ga tarakta, haka ga injin ban ruwa da ke bakin fadama, haka ga janareta. Duk ƙarfen da ke shaƙar iska a gabashin Sakkwato an yi masa takunkumi tun daga masana'anta. Ɗan Adam kaɗai aka bari hanci buɗe, saboda inji da kuɗi aka saye shi, lebura kuwa kyauta ya zo neman aiki.

Kada wani ya ɗauka mugun halin Bahaushe mai inji ne. Haka jari hujja take tun asalinta. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan kasuwa a yau, Donaldson na Amurka, ya samo tushe ne a 1915, lokacin da Frank Donaldson ya haɗa wata matata domin taraktar wani manomi da ƙura ke yawan kashewa. Huhun tarakta aka fara ceto. Na mutum sai da aka yi gawa. A watan Disamba na 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan kwana biyar, mutum wajen 4,000 suka mutu nan take, lissafin da aka yi daga baya ma ya kai 12,000. Sai a 1956 majalisar Ingila ta yi dokar tsabtace iska, Amurka ta ƙarfafa tata a 1970. Daga nan ne masu masana'antu suka shiga sayen na'urori, ba don tausayi ya sauko musu ba, sai don tara ta fi na'ura tsada. Wannan shi ne sirrin kasuwar da 'yan talla ba su faɗi: doka mai haƙora ce ke haifar mata da masu saye. Inda doka ta yi barci, kayan da za su shiga sai waɗanda ke kare dukiya.

Mu ma muna da doka, a takarda. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kare ma'aikaci daga shaƙar ƙura da hayaƙi, ya kuma girka abin zuƙe su a kusa da inda suke tashi. An kafa hukumar NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ingancin iska a 2014. Madalla. To a faɗa mana ranar da sufeto ya tsaya da ma'auni a rumfar casa a Wurno, a nuna mana alƙaluman da ya rubuta. Hatta babbar masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ta soma aiki tun 1967, muna da haƙƙin a riƙa liƙa wa jama'ar ƙauyukan da ke kewaye da ita abin da ma'auni ya nuna wata-wata, da Hausa da ajami. Ai a sana'ar siminti ƙurar da matata ta kama kaya ce, ana mayar da ita cikin aiki a sayar, don haka mai masana'anta yana da dalilinsa na aljihu. Ƙurar ɓuntu ce marainiya, ba mai ganin kwabo a cikinta.

Mun san abin da za a ce. Za a ce ƙura ta Allah ce, ko an tace ta rumfa ai hunturu yana nan tafe. Gaskiya ne hazon da ke rufe mana rana yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, kuma iska tana kwasarsa har ta tsallake teku zuwa dajin Amazon. Ba mai iya yi wa Sahara murfi. Amma wannan hujja a kan mai kawo ta take komawa. Mutumin da ya kwana ya tashi cikin hazo wata uku, a yankin da sanƙarau ke bin bayan busasshiyar iska, kamar yadda ya kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya a 1996, shi ne ya fi kowa buƙatar a sauƙaƙa wa ƙirjinsa a wurin aiki. Kuma in ƙura ta Allah ce, me ya sa banki yake tace wa kwamfutocinsa iska? Tawakkalin na talaka ne kaɗai?

Za a kuma ce yankin da 'yan bindiga suka shiga kasuwar Goronyo a 2021 suka kashe mutum sama da 40, ba shi da lokacin zancen ƙura. Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sai dai maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda ƙura take kisa ba ƙarar harbi. A 2010 aka gano cewa niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ya watsa ƙurar dalma, yara wajen 400 suka rasu. Cikin abubuwan da suka rage ɓarnar daga baya akwai fitar da niƙa daga gari da fesa ruwa a bakin inji. Ruwa, jama'a! Ba wata na'ura daga Jamus ba.

A nan ne muke jan kunnen 'yan kwangila, domin mun san su, mun san iyayen gidansu. Da sun ji an ce tace iska sai su lashe baki, su kawo takardar odar na'urori masu tsada daga waje, a ci kashi goma, a girka, matata ta toshe cikin mako guda na hunturu, ba ta canji, a jingine. Matatar da ake kira HEPA, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1940, tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ta fi wuyar kamu. Wurinta ɗakin tiyata, kuma muna so a ba asibitocinmu ita. A rumfar casa kuwa sa ta daidai yake da tace kunu da kyallen alharini.

Abin da rumfa ke buƙata tsohon abu ne, masu niƙan alkama da masu yankan katako a Turai da Amurka sun san shi tun ƙarni na 19. Ganga ce ta farantin ƙarfe mai tsukakken gindi kamar mazurari. Fanka tana zuƙo iska mai ƙura daga bakin injin, ta cusa ta cikin gangar ta gefe, iskar ta yi ta juyawa kamar guguwa, ɓuntu da dusa su bugi bango su zame ƙasa cikin buhu, iska ta fice ta sama. Ba abin da ke motsi a cikinta balle ya lalace, kuma bel ɗin da ke juya injin shi zai juya fankar. Ba ta kama ƙura mafi laushi, don haka akan ɗaura mata dogayen buhunan yadi a mafita, a riƙa kakkaɓewa. Mai walda a Sakkwato da ke ƙera ƙofa da tankin ruwa zai ƙera ta in an ba shi awo. Ɓuntun da ya taru kuma makamashi ne na turara shinkafa, tokarsa ma tana shiga aikin gini.

Awon nan fa wa zai bayar? Mu ne. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da masu koyon injiniya da likitanci, tana da cibiyar binciken makamashi, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a cikin gari. Shekara da shekaru muna rubuta kundin kammala karatu, a ɗaure da baƙin bango, a jera a kanta, ƙurar da muke zance ta rufe shi. 'Ya'yan masu juya shinkafa ne mu, da kuɗin shanshera aka biya wa wasunmu rajista.

Saboda haka muna kira ga majalisar ƙungiyarmu ta nemi hukumar jami'a ta ware ma'aunin ƙura da ɗalibai za su riƙa ara, ta kuma amince a karɓi ganga mai aiki a matsayin aikin shekarar ƙarshe. A fara da rumfa ɗaya a Wurno, ɗaya a Goronyo, ɗaya a Rabah, bayan girbin rani. A auna iskar kafin a girka, a sake aunawa bayan an girka, ɗaliban likitanci su gwada numfashin leburori, sa'an nan a karanta sakamakon a gaban masu injin da uwayen ƙasa ranar kasuwa, tare da farashin gangar a naira da kuma adadin buhunan dusar da ta tara.