Kada Ladabi Ya Cinye Ƙarfin Iyayenmu

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da ƙananan ma'aikatan gwamnati, da gumin masaƙun Bompai da Sharada da majemun Challawa aka biya mana kuɗin makaranta. Iyayenmu sun shekara ashirin, wasu talatin, suna taka keke daga Gwagwarwa ko Ja'en ko Panshekara tun gari bai waye ba, su wuni tsaye gaban inji, suna ɗaga dilar yadi da ɗaurin fata. Daga 1986, da aka shigo da shirin SAP, ga ƙarancin lantarki, ga kwararowar yadin waje, sai masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai rasa aiki ta wannan hanya ba, shekaru suka sallame shi. Yau ga su nan zaune bisa tabarma a ƙofar gida.

To, a nan ne al'ada take shigowa da nata. Da zarar dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai yaro ya riga shi. In ya ce zai hau keke, sai a ce, "Haba Baba, ku zauna, ai kun yi naku." A jingine keken, a tsayar masa da adaidaita sahu. Babu shakka ladabi ne da ƙauna, amma mu a ganinmu irin wannan hutu cuta ce ga jikin da ya saba da aiki.

Dalili kuwa shi ne, tsokar ɗan Adam tana fara raguwa tun daga wajen shekara 30, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma abin yakan ƙara sauri bayan shekara 60. Zama yana daɗa gaggauta shi. Wannan zaizayar tsoka ita ce ke sa tsoho ya kasa miƙewa daga tsugunno sai da dafa bango, ita ce kuma ke kai shi ga faɗuwa, har a wayi gari ana neman gado a Asibitin Ƙashi na Dala.

Abin farin ciki, masana sun tabbatar cewa tsokar tsoho ba ta daina amsa kira. A 2017 likitocin Asibitin Mayo na Amurka suka bayyana wani gwaji da suka yi da matasa 'yan shekara 18 zuwa 30 da dattawa 'yan 65 zuwa 80, tsawon mako 12. Wani rukuni aka ba su atisayen da za mu kira matsa-ka-sassauta: mutum ya taka keken motsa jiki da ƙarfi na minti 4, ya sassauta na minti 3, ya maimaita sau huɗu, kwana uku a mako. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu 'yan murahu da ake kira mitokondiriya, waɗanda ke ƙona abinci su ba da kuzari, kuma sukan yi sanyi da tsufa. Aikin waɗannan murahu ya ƙaru da kashi 49 cikin ɗari ga matasa, ga dattawa kuwa da kashi 69. Wato tsoho ya fi yaro cin riba. Sai dai gwajin ya kuma nuna cewa wajen kaurin tsoka da ƙarfinta, ɗaga nauyi ne ya fi. Saboda haka biyun ake bukata.

Wani zai ce, ashe ba haɗari ba ne a sa ɗan shekara 70 haki? Tambaya ce mai kyau. A birnin Trondheim na ƙasar Norway an bi mutum 1,567 'yan shekara 70 zuwa 77 har shekara biyar, aka fitar da sakamako a 2020. Masu matsa-ka-sassauta su ne aka fi samun ƙarancin mutuwa a cikinsu, ko da yake bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma sun fi sauran ƙarfin numfashi. Duk da haka, kada kowa ya fara da ka. Mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da wanda ya shekara yana shaƙar ƙurar auduga ko warin sinadarin jima, dole likita ya duba shi tukuna. In ƙirji ya yi zafi ko jiri ya kama, a tsaya nan take.

Ba kuma sai da kayan Turai ba. Tsohon Raleigh ɗin nan da ke jingine a zaure ya isa. Dattijo ya fita da sanyin safiya, ya yi tafiya da sauri har doguwar magana ta gagare shi, ya sassauta, ya sake. A fara da rabin minti, a riƙa ƙarawa mako-mako. Kwana biyu a mako ya tashi ya zauna daga kujera sau goma, ya ɗaga galan ɗin ruwa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, kwana biyu ta ce a ware wa ƙarfafa tsoka. Iyayenmu mata ma haka. Sannan a kula da cimaka: wake da ƙuli-ƙuli da nono da ƙwai su ne tubalin gina tsoka.

Muna kira ga 'yan'uwanmu masu karatun gashin ƙashi da na motsa jiki a Jami'ar Bayero su fita unguwannin ma'aikata ranar hutu, su auna jinin dattawa, su koya musu. Muna kira ga ƙungiyoyin ƙwadago da masu masana'antun da suka rage su tuna da waɗanda suka ba su ƙuruciyarsu. Mu kuwa 'ya'ya, kowa ya koma gida ya sa a yi wa keken Baba faci, ya zuba masa iska, in ya fita ya raka shi. Wanda ya riƙe mu da ƙarfin damtsensa, hakkinsa ne a kanmu mu taya shi riƙe wannan damtse.