Takardar Ce Ta Warke, Likita, Ba Ni Ba

"Sakamakonki lafiya lau, Hajiya, ci gaba da shan abin da kike sha." Duk macen da ke fama da raunin tayirod a Maiduguri ta haddace wannan magana. Ana faɗa mata ita tun ba ta gama gyara zama a kan kujera ba, idon likita na kan takarda, hannunsa na miƙa wa nas katin mai bi mata. In ta ce har yanzu jikinta ba daɗi, ko ta tambaya ko ƙwayar ta yi kaɗan, sai fuska ta sauya: "Ke ce likitar ko ni?" Na gaji da jin wannan tambaya, kuma yau zan amsa ta.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Sinadarin da take fitarwa shi ke hura wutar jiki. In ya yi ƙaranci komai sai ya yi sanyi: barci ba ya isa, ƙiba ba tare da ci ba, gashi na bin mataji, bayan gida ya yi wuya, mantuwa ta yi yawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura maki 40 mutanen unguwar Fezzan suna kwana a tsakar gida, ni bargo nake nema. Maƙwabta sun ce lalaci ne, dangin miji sun ce sammu. Waɗannan na yafe musu, ba su yi karatun likita ba.

Maganin ƙwaya ɗaya ce, levothyroxine, ana sha kullum har ƙarshen rai. Ma'aunin da ake duba ko ta isa shi ne gwajin TSH, wato saƙon da wata tsoka a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod cewa ta ƙara himma. Yawancin ɗakunan gwaji suna ɗaukar daga 0.4 zuwa kusan 4 a matsayin daidai. Ku dubi faɗin filin nan, ninki goma ne. Wadda ke kan 1 da wadda ke rataye dab da 4, duk hatimi ɗaya ake buga musu. Kuma littattafan likitocin da kansu sun yarda cewa kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 na masu shan maganin ba sa jin sun warware ko da lambar ta zauna daidai. To don me in ta fito daga bakina take zama rashin kunya?

Ga babba wanda tsokarsa ta daina aiki, lissafin da aka saba shi ne kimanin maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 80 tana iya buƙatar kusan 125 ke nan. Na san matan da aka ɗora kan 50 tun ranar farko, aka bar su a nan shekara da shekaru, ko sikeli ba a sake hawar da su ba, alhali ƙa'ida ita ce a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 duk lokacin da aka fara ko aka sauya adadi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tambayoyin da ba a yi. Ƙwayar nan tana son ciki wayam, da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a karya. Wa ya tambaye mu da me muke haɗiye ta? A unguwarmu shayi mai madara ne farkon abin da ke shiga baki. Awara, da yaranmu ke saye a bakin layi mu ma mu tsoma hannu, waken suya ce, tana rage abin da hanji ke tsotsa na maganin. Maganin ƙarin jini da na ulsa da na ƙarfin ƙashi suna kama shi, sai an raba su da awa 4. Azumi ya zo, babu mai ce miki ga yadda za ki yi da sahur. Sannan ga zafi. A jikin kwalin an rubuta a ajiye ƙasa da maki 25. A wane ɗaki? Garin da ya daɗe cikin duhu bayan an kayar da turakun lantarki a Janairun 2021, ƙwayar da ta yi wata da watanni a kantar kemis ƙarƙashin kwano, wa zai rantse 100 ɗin da ke jikinta har yanzu 100 ce? Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuwa, abin da ka samu shi za ka saya: wannan wata Euthyrox, wata mai zuwa wani kwali da ba ka taɓa gani ba.

Kada wani ya ce sauyin kamfani ba komai ba ne. A 2017 kamfanin Merck ya sauya haɗin ƙwayarsa ta wannan magani, Levothyrox, a Faransa, sinadarin na nan, kayan da ake cuɗa shi da su kawai aka canza. Dubban mutane suka fito da kukan jiri, ciwon kai da zubar gashi. Da farko an ce tunaninsu ne. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Liyon ta umarci kamfanin ya biya sama da mutum 3,000 Yuro 1,000 kowannensu, saboda bai yi musu bayani yadda ya kamata ba. Can rashin bayani laifi ne da ake biyan diyya a kansa. Nan kuwa neman bayanin ne laifi.

In ka matsa, sai a ce, "Damuwa ce, Mama, ki rage tunani." Tun 2009 wa ya rage a Maiduguri da ba shi da damuwa? Wanda rikici ya bari, ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta same shi. In damuwar ce, a yi mini maganinta. In ƙarancin jini ne ko ciwon suga, a auna. Amma a daina rufe bakina da ita.

Ba na goyon bayan matan da ke ƙara wa kansu ƙwaya a ɓoye. Yawanta na sa zuciya bugu ba tsari, yana cinye ƙashi, tsofaffi da masu ciwon zuciya ma da 25 ake lallaɓa su. Sai dai mu faɗi gaskiya: wadda aka kora da tsawa a asibiti, wurin yaron kemis za ta je, shi kuwa ba ya cewa a'a.

Akwai waɗanda jiran nan ke yi wa illar da ba ta gyaruwa. Mai juna biyu buƙatarta na ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku tun makonnin farko, kuma ƙwaƙwalwar ɗan tayin da sinadarin uwa take ginuwa a lokacin. Ba za ta jira layin wata uku ba. Wadda ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, tana iya zama tsokar ƙwaƙwalwar ce ta lalace, abin da ake kira cutar Sheehan. Ita TSH ɗinta na iya fitowa daidai alhali tana narkewa, sai an auna T4, sinadarin tayirod ɗin kansa, ake ganewa. Akwai irin waɗannan matan a Borno, inda haihuwar gida ta fi ta asibiti yawa.

Don haka, likita, kai ne likitan, ban yi musu ba. Amma hau da ni sikeli. Tambaye ni abin da nake karyawa da shi, ka karɓi kwalin ka duba. Faɗa mini lambata da bakinka, da inda kake so ta kai, da ranar da zan sake gwaji. In ba za ka ƙara ba, gaya mini dalili da Hausa ko Kanuri. In abin ya fi ƙarfinka, rubuta mini takarda zuwa wurin ƙwararre.