Injin Kwatano: A Saya Ko A Haƙura?

A Ajekoriya, kamar sauran garuruwan Dakoro, tsohuwar mota ce ke kai buhunan hatsi da wake kasuwa. Ranar da injinta ya buga, ciniki ya tsaya, har na mata masu ƙananan sana'o'i.

A da, maganin ba wuya: a sauka Maradi a sayo injin Kwatano. Amma idan ba a manta ba, bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin. Ko da CEDEAO ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe gadar Gaya ba, sai kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara nisa, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin nisan.

Saboda haka, Alhaji da Hajiya, kafin a fitar da jari sai a duba motar kanta. Idan giya da ƙafafu sun gaji, sabon inji ba zai ceto ta ba. Gara a sayar da ita.

Idan kuwa jikinta da sauran ƙarfi, a tafi da bakaniken da aka yarda da shi, a tayar da injin a gabansa. Hayaƙi shuɗi alamar shan mai ne. Mai da ya yi fari-fari, ruwa ya shige shi. A karɓi rasit, a kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaidu.

Sayen nagari dai, mai da kuɗi gida.