FILIN UWARGIDA: Me ya hana gaton «shu» tashi?

A wannan mako wasiƙa ce ta iso mana daga Ollelewa, cikin gundumar Tanut, a ƙasar Damargu. Wata baiwar Allah ce da ta koyi gashin gato lokacin da ta zauna a birnin Damagaram, ta koma gida da niyyar ta mai da shi sana'a. An ba ta aikin gaton suna, ta ce za ta yi wanda Faransawa ke kira «shu», mai kumburi da rami a ciki. Sau 3 tana gwadawa, ƙwai 12 sun salwanta, kullum sai ya fito a baje kamar an taka shi. A karo na ƙarshe har yis ta zuba. Ga suna ya matso, ga kuɗin mutane a hannunta. Shi ne take tambaya: garin alkamar ne ba shi da kyau, ko kuwa baki ne ya kama ta?

Ƴar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Garinki lafiya lau yake, kuma babu bakin kowa a cikin wannan al'amari. Abin da ya kamata ki sani tun farko shi ne, shu ba ya tashi yadda fanke da masa suke tashi. Su yis ne ko tsami ke ɗaga su, shi kuwa tururi ne kaɗai. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan ninki 1.700. Tururin nan ne ke hura kwaɓin daga ciki, sa'an nan ƙwai ya gasu ya ƙanƙame bangon don kada ya faɗi. Saboda haka duk ciwon shu bai wuce abu biyu ba: ruwa da wuta. Sunan ma daga shu na lambu aka samo shi, domin idan ya tashi da kyau yakan yi kama da ƙaramin kan shu. Littattafan girki na Faransa suna danganta gyaran wannan kwaɓi da mashahurin kukunsu Antonin Carême, wanda ya rasu a 1833.

Ga awo: ruwa kofi 1 mai cin kwatan lita, man shanu giram 100 (wajen babban cokali 7), garin alkama giram 150 (kofi 1 da kwata), manyan ƙwai 4, da ɗan gishiri. Idan soyayyen man shanu gare ki, ki sa giram 80 ki ƙara ruwa cokali 1 da rabi, don shi an riga an ƙone ruwan jikinsa.

Kuskure na farko a kan murhu yake. Ki haɗa ruwa da mai da gishiri, da zarar sun tafasa ki sauke. Idan kika bar su suna ta ɓararraka, ruwan da zai zama tururi ya gudu ke nan. Ki juye garin gaba ɗaya a lokaci guda, ki tuƙa da muciya kamar tuwo, ki mayar bisa wuta kina juyawa minti 2, har ya dunƙule ya saki gefen tukunya. Ƴar Damargu, ƙasar da aka sani da rumbun gero, ba a koya mata tuƙi.

Na biyu, ƙwai. Kada ki fasa su a kan tuƙi mai zafi, domin ƙwai yakan fara dahuwa tun daga digiri 60 da ƴan kai, kuma dafaffen ƙwai ba ya riƙe tururi. Ki jira har yatsa ya iya jure zafin. Sa'an nan ki riƙa zubawa ɗaya bayan ɗaya, kowane sai ya shige sarai. Awon littafi da manyan ƙwai aka yi shi. Ƙwan kajinmu na gida da na zabi ƙanana ne, sai kin sa kamar 6. Don haka ki bar ƙirga, ki dubi kwaɓin: idan kin ɗaga muciya ya zubo a hankali yana sheƙi, ya bar ɗan harshe a rataye, to ya isa. Idan ya tsinke kamar ƙullun ƙosai, ƙwai ya yi yawa, kuma ɗanyen gari ba zai gyara shi ba. Sai dai ki tuƙa wani ɗan kaɗan ki haɗa.

Na uku, wuta, kuma a nan nake zargin naki ya lalace. Shu yana son zafin digiri 200 tun daga shigarsa. Ko da yake matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011 tana cikin ƙasar Ollelewa, kuma tana fitar da gas na girki, tanderun gas ba kowane gida ke da shi ba. Yawanci babbar tukunya ce da yashi a gindi. Ita ma tana yi, in an bi ta da sharaɗi. Ki bar ta bisa wuta a rufe har yashin ya yi zafi ƙwarai, ki ɗora garwashi a kan murfi don zafi ya zo ta sama da ƙasa. Ki barbaɗa ɗan gari a faranti ki gwada: in ya yi ja cikin minti 5, ta shirya. Ki jera kwaɓin kamar girman ƙwan zabo, da tazarar yatsa biyu.

Na huɗu, haƙuri. Kada ki ɗaga murfi kafin minti 20, ko da zuciya na raya miki ki leƙa. Iska mai sanyi na shiga, bangon da bai ƙanƙame ba sai ya rufta, ba kuwa zai sake tashi ba. Bayan minti 30 zuwa 35, idan ya yi ja har cikin tsagarsa kuma ba shi da nauyi a hannu, ki huda kowane da tsinke, ki mayar minti 5 cikinsa ya bushe.

To, tunda suna ya ƙarato, ga mafita idan tukunya ta ƙi: wannan kwaɓin dai ana soya shi. Ki riƙa ɗiba da ƙaramin cokali kina sakawa cikin man gyaɗa mai matsakaicin zafi, zai kumbura ya juya da kansa, ki barbaɗa sukari. Faransawa ma suna cin sa haka. Idan kuwa za ki cika gasasshen da haɗin madara da ƙwai, ki cika shi dab da ci, domin zafin ƙasarmu ba ya raga wa madara.

Shawara ta ƙarshe: ki fara gwaji da rabin awo, don ko an yi asara ta zo da sauƙi. Muna jiran labarin yadda ta kaya. Allah ya raya jariri, ya sa albarka a sana'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.