Yarjejeniya a Janiba, Ciniki a Sabon Gari: Gurbin Hausa a Yaƙi da Cututtukan Fataucin Namun Daji

A ranar 20 ga Mayu, 2025, Babban Taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da yarjejeniyar tunkarar annoba a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Daga cikin alkawuran da ƙasashe suka ɗauka har da sa ido a kan hanyoyin da cuta ke bi ta tsallaka daga dabba zuwa mutum. Fataucin namun daji ɗaya ne daga waɗannan hanyoyi, Kano kuwa tsohon zango ce a gare shi. Ra'ayin wannan muƙala shi ne, haɗin kan ƙasashe ba zai rage haɗarin ba sai ya sauko kasuwa ya yi magana da harshen da ake cinikin da shi. A Fagge da Sabon Gari, da ma zangunan fatake masu yawa na Afirka ta Yamma, wannan harshe Hausa ne. Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan manazarta Hausa.

Fagge masaukin ayarin fatake ce tun kafin zuwan Turawa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a gefenta, daga baya filin jirgin sama ya zo ya zauna kusa da su. Hanyar da ta ɗauko goro da gyaɗa da fatu ita ce ta ɗauko aku da biri da kunkuru. A watan Mayun 2003 aka mayar da wasu gwaggon birai biyu, waɗanda hukuma ta ƙwace a Kano, zuwa cibiyar kula da namun daji ta Limbe a Kamaru, ƙasar da aka kamo su. Dabbar kurmi ce ta ratsa iyaka, ta wuce hannun maharbi da dillali da direba da mai saye, ba tare da likitan dabbobi ya duba ta ba. Duk hannun da ta bi, ƙofa ce ga cuta.

A wannan shekara ta 2003 aka ga abin da irin wannan ƙofa ke haifarwa. An yi jigilar ƙananan dabbobi kusan 800 daga Ghana zuwa jihar Tekzas ta Amurka, cikinsu har da gafiya. Aka ajiye wasunsu kusa da wasu dabbobin da Amurkawa ke kiwo a gida don sha'awa, cutar ƙyandar biri ta kama waɗannan, su kuma suka shafa wa mutum 47 a jihohi shida. Wannan ne karo na farko da aka ga cutar a jikin mutane a wajen Afirka. A gida kuwa, ta sake ɓulla a jihar Bayelsa a Satumbar 2017, bayan kusan shekara arba'in ba a ji ɗuriyarta ba.

Dokokin da ake da su sun bar giɓi. Yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975, an tsara ta ne don kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa. Nijeriya na cikinta, ta kuma kafa tata dokar a 1985. Albarkacin wannan yarjejeniya aka haramta cinikin aku mai toka-toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, a taron 2016. Amma gafiya ba ta fuskantar ƙarewa, don haka babu ruwan yarjejeniyar da ita, ko da tana ɗauke da cuta. Sai a taron Panama na 2022 ƙasashen suka tsai da shawarar duba rawar da CITES za ta taka wajen rage wannan haɗari. Nijeriya ma ta ƙaddamar da tsarinta na haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a 2019. Duk waɗannan matakai ne na alheri, sai dai da Ingilishi da Faransanci aka rubuta su, sunayen dabbobin kuma da Latin.

A nan matsalar harshe ta fara. Ɗauki sunan "ƙyandar biri". Masana sun fi zargin dangin ɓera da kurege da gafiya da zama matattarar cutar, ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya sunanta na Ingilishi a Nuwambar 2022. Mu kuwa muna nan da fassarar tsohon suna. Bahaushe ba ya cin biri, don haka idan ya ji sanarwa a rediyo sai ya ɗauka cutar ta wasu ce. Amma yaran ƙauye na farautar gafiya da kurege a lokacin rani, su feɗe su da hannu. Sunan ya kai hankali inda haɗarin ya yi ƙaranci, ya bar inda ya fi yawa. Haka ma "gwaggon biri", wanda ake kiran manyan birai iri daban-daban da shi, alhali hukuncinsu a doka da haɗarinsu ga lafiya sun bambanta. Jami'in kwastan da ke riƙe da takarda mai sunan Latin, da ɗan kasuwar da ya san dabbar da sunan gida, ba za su taɓa fahimtar juna ba idan babu ƙamus a tsakaninsu.

Bayan suna, sai amana. Asibitin Zana, inda kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, yana cikin wannan yanki na Fagge. Yara 11 suka rasu. Tabon wannan lamari na cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, har cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya warware rikicin daga baya shi ne shigowar sarakuna da malamai, suka yi wa jama'a bayani da harshensu. A Agustan 2014 kuma, lokacin Ebola, jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya, ta riga sanarwar hukuma isa gidaje. Darasin a fili yake: saƙon lafiya da ya zo daga nesa, ta bakin da ba a sani ba, jita-jita na iya rinjayarsa.

Wani zai ce matsalar ta cin hanci ce da raunin hukuma, kuma kamata ya yi a rufe irin wannan ciniki baki ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Masu safarar hauren giwa ta tashar jiragen ruwa ba ƙamus suke buƙata ba, kotu ce maganinsu. A Afrilun 2021 ma Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta sun nemi a dakatar da sayar da dabbobin daji masu shayarwa da ransu a kasuwannin abinci. Amma mai sayar da tsuntsaye, da ɗan shimfiɗa mai baje fatu da ƙasusuwa don magani, da maharbin ƙauye, sana'a suka gada. Idan aka kore su daga rumfa za su koma lungu, inda ba mai ganin dabbar da ta yi rashin lafiya. Shi ne mutum na farko da zai lura tsuntsaye sun fara mutuwa a keji. Ko zai faɗa ko zai ɓoye, ya danganta da yadda hukuma ta ɗauke shi.

Murar tsuntsaye ta nuna haka. An tabbatar da nau'inta na H5N1 karo na farko a Afirka a Fabrairun 2006, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, bayan cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ɗakin gwaji na Padova a Italiya sun duba samfurin. Ta sake dawowa Kano da Legas a Janairun 2015. Haɗin kan ɗakunan gwaji ya yi aikinsa, amma samfurin ba ya isa Vom sai wani ya fara kai rahoto, kuma mai kaji ba ya kai rahoto idan ya san za a hallaka dukiyarsa ba diyya.

Abin da ya kamata sassan Hausa su ɗauka guda uku ne. Na farko, a tattara ƙamusun sunayen namun daji da cututtukansu, da bambancin karin harshe daga Kano zuwa Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, tare da likitocin dabbobi. Dalziel ya yi wa tsirrai irin wannan aiki tun 1916, Bargery ya adana sunaye da dama a 1934, kuma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta nuna a ƙamusunta na 2006 cewa ƙwarewar tana nan. Na biyu, a sake duba sunayen cututtuka da kafafen yaɗa labarai suka ƙirƙira cikin gaggawa, a gyara waɗanda ke ɓatar da mai sauraro. Na uku, a nazarci tsarin shugabancin sana'a, wato sarkin kasuwa da sarkin baka da shugabannin masu maganin gargajiya, domin ta bakinsu saƙo ke zama doka a rumfa.

Wannan aiki ya fi ƙarfin jami'a ɗaya, kuma ya dace a yi shi tare da jami'o'in Nijar, tunda fataken ba su tsaya a Jibiya ko Maigatari ba. Hukumomin duniya da ke kashe kuɗi a kan tarurruka su ware wani abu don wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannun da har yanzu ba a gayyato ba shi ne na mai rumfa da na wanda ya san harshensa.